Yadda Ake Juya Lissafin Zafi Daga Wani Ma'auni Zuwa Wani

Gabatarwa

A ce wata uwa a Dungu ta ji jikin ɗanta ya yi zafi da daddare. Ta ari na'urar awon zafi wurin maƙwabciyarta, ta sa masa a hammata, sai na'urar ta nuna 102.2. Ita kuwa a asibiti ta saba jin malaman lafiya suna cewa 37, ko 38, ko 39, kuma an taɓa gaya mata cewa 40 zazzaɓi ne mai tsanani. To, 102 fa? Wata uwar za ta firgita, wata kuma za ta ce na'urar ta lalace, ta ajiye ta, ta koma barci.

Na'urar ba ta lalace ba. An saita ta ne a kan wani ma'auni dabam da wanda asibitocinmu suke aiki da shi. Zafin jikin yaron 39 ne a lissafin da uwar ta sani, wato zazzaɓi ne wanda ya kamata a kai shi asibiti a kansa.

Lambar zafi ita kaɗai ba ta gaya wa mutum kome, sai ya dubi harafin da ke gefenta. Haruffan uku ne: C, da F, da K. Wannan darasi zai bayyana ma'anar kowannensu, da yadda ake juya lissafi daga ɗaya zuwa ɗaya.

Abu ɗaya, lissafi biyu

Kuɗin da aka rubuta 100 a jikinsa, a kasuwar Matameye dala ashirin ake ce masa. Kuɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba, ƙidayar ce ta bambanta. Wanda ya san cewa kowace dala sefa biyar ce ba ya ruɗewa. Haka awon zafi yake. Zafin ɗaya ne, amma mutane sun ƙago hanyoyin ƙidaya shi fiye da ɗaya. Kowace hanya ita ce muke kira ma'auni a nan. Abin da ake riƙewa a hannu a yi awon kuwa, shi ne na'ura.

Ma'aunai uku

1. Selsiyus, alamarsa °C. Shi ne ake amfani da shi a Nijar da Najeriya da mafi yawan ƙasashen duniya, a asibiti, da makaranta, da labarin yanayi na rediyo. Ya samo sunansa daga Anders Selsiyus, masanin taurari na ƙasar Suwidin, wanda ya tsara shi a shekarar 1742. Da farko ma a juye yake: sifiri ne wurin tafasar ruwa, 100 kuma wurin daskarewarsa. Bayan rasuwarsa a 1744 aka mayar da shi yadda muka san shi yau. An daɗe ana kiransa santigiret, sai a 1948 aka amince a riƙa kiransa da sunan mutumin. Saboda haka santigiret da Selsiyus abu ɗaya ne.

2. Farenhait, alamarsa °F. Wannan F ba ta kuɗi ba ce. Daniyel Farenhait, wani maƙerin na'urorin awo da ya yi aikinsa a ƙasar Holan, shi ya bayyana wannan ma'auni a 1724. A yau Amurka ce da wasu ƴan ƙananan ƙasashe suke riƙe da shi a harkokin yau da kullum. A Indiya ma mutane da yawa da shi suke faɗin zafin jiki. Ingila ta daɗe tana aiki da shi, don haka ake samunsa a tsofaffin littattafan noma da kiwon lafiya na Najeriya. Yana iso mu ta na'urorin da ake sayarwa a kasuwa, da kwalayen magani, da littattafan kiwon kaji, da wayar hannu.

3. Kelbin, alamarsa K. Shi ne ma'aunin masana kimiyya. Wani malamin jami'ar Gilasgo a Birtaniya, Wiliyam Tomson, wanda daga baya aka ba shi sarautar Kelbin, shi ya kawo shawararsa a 1848. Ba a sa masa ɗan zoben nan na digiri. Ana rubuta 300 K ne kawai.

Tsani biyu, tsawo ɗaya

Domin a fahimci lissafin, sai a riƙe abu biyu da kowa ya sani: inda ruwa yake daskarewa ya zama ƙanƙara, da inda yake tafasa.

A Selsiyus, ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100.
A Farenhait, ruwa yana daskarewa a digiri 32, yana tafasa a digiri 212.

Mu ɗauka tsani biyu ne masu tsawo ɗaya, an jingina su da bango ɗaya. Tsanin Selsiyus yana da matakala 100. Tsanin Farenhait yana da matakala 180, domin in an cire 32 daga 212, saura 180. Ke nan matakalan Farenhait sun fi ƙanƙanta, sun fi yawa. In an raba 100 da 180 kowanne gida ashirin, za a sami 5 da 9. Wato duk taku biyar na Selsiyus daidai yake da taku tara na Farenhait.

Bambanci na biyu shi ne mafari. A lissafin dala da sefa, wanda ba shi da ko dala ba shi da ko sefa, sifirinsu ɗaya ne. Amma a nan, lokacin da Selsiyus yake kan sifiri, Farenhait ya riga ya kai 32. Daga nan lambobi uku na wannan lissafi suka fito: 5, da 9, da 32.

Abin lura: tafasar ruwa a digiri 100 a bakin teku ne. Iyakar hawan mutum kan tudu, iyakar raguwar zafin da ruwa yake tafasa a kansa. Yankin Damagaram ya ɗara teku tudu da fiye da mita 400, saboda haka a nan ruwa yana tafasa tsakanin digiri 98 da 99. Wanda ya auna ya ga haka, kada ya zargi na'urarsa.

Ɗigo da waƙafi

Kafin a shiga lissafi, a san cewa ana rubuta guntun digiri iri uku. Na'ura tana sa ɗigo: 38.5. A makarantu da asibitocin Nijar ana sa waƙafi: 38,5. Wasu malaman lafiya kuma sukan rubuta 38°5 a katin marar lafiya. Duka ukun ma'anarsu ɗaya: digiri talatin da takwas da rabi. A wannan darasi ɗigo za mu riƙa sawa.

Daga Farenhait zuwa Selsiyus

Wannan shi ne lissafin da muka fi bukata. Matakinsa uku ne:

Na ɗaya, a cire 32.
Na biyu, a ninka abin da ya rage sau 5.
Na uku, a raba gida 9.

Misali na farko, zafin jikin yaron nan, 102.2 °F:
102.2 a cire 32, saura 70.2.
70.2 sau 5 ya zama 351.
351 a raba gida 9 ya zama 39.
Amsa: 39 °C.

Misali na biyu, an rubuta a kwalin magani kada zafin wurin ajiyarsa ya wuce 86 °F:
86 a cire 32, saura 54.
54 sau 5 ya zama 270.
270 a raba gida 9 ya zama 30.
Amsa: 30 °C.

Wajibi ne a fara da cire 32. Wanda ya fara da ninkawa, amsarsa ba za ta yi daidai ba.

Daga Selsiyus zuwa Farenhait

A nan sai a bi hanyar da aka zo, a koma da baya:

Na ɗaya, a ninka sau 9.
Na biyu, a raba gida 5.
Na uku, a ƙara 32.

Misali, ranar bazara mai zafin 40 °C:
40 sau 9 ya zama 360.
360 a raba gida 5 ya zama 72.
72 a ƙara 32 ya zama 104.
Amsa: 104 °F.

Akwai wata hanya mai sauƙin yi da ka, kuma amsarta daidai take ba ragi ba ƙari. A ninka lambar sau biyu, a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu, sannan a ƙara 32. Mu sake gwada 40: ninki biyu 80, kashi ɗaya cikin goma na 80 shi ne 8, a cire saura 72, a ƙara 32 ya zama 104.

Gajeriyar hanya da haɗarinta

Wasu sukan koyar da wata gajeriyar hanya: a cire 30, a raba gida biyu. Tana da amfani wajen kintatar yanayin gari. In waya ta nuna 70 °F, gajeriyar hanya za ta ba da 20, ainihin amsar kuwa 21 ce da ɗan ɗoriya. Kuskuren bai taka kara ya karya ba.

Amma kada a kuskura a yi amfani da ita wajen awon jikin mutum. Dubi abin da take yi wa 104 °F: a cire 30 saura 74, a raba biyu ya zama 37. Wato ta nuna yaro lafiyarsa lau, alhali ainihin zafin jikinsa 40 °C ne, zazzaɓi mai tsanani. A jikin mutum, tazarar digiri uku ita ce tsakanin lafiya da haɗari. In batun jiki ne, a yi cikakken lissafi, ko a dubi jadawalin da ke ƙasa.

Kelbin

Zafi motsi ne na ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa. In abu ya ɗauki zafi, motsinsu yana ƙaruwa. In ya huce, motsin yana raguwa. Masana sun gano cewa sanyi yana da iyaka, wato matsayin da ba sauran zafin da za a iya zarewa daga abu. Wannan iyaka tana digiri 273.15 ƙasa da sifirin Selsiyus, kuma daga nan Kelbin yake fara ƙidaya. Don haka babu lamba ƙasa da sifiri a Kelbin.

Girman takun Kelbin daidai yake da na Selsiyus. Mafarinsu ne kawai ya bambanta, saboda haka lissafin ba ninkawa, ba rabawa:

Daga Selsiyus zuwa Kelbin, a ƙara 273.
Daga Kelbin zuwa Selsiyus, a cire 273.

Cikakkiyar lambar 273.15 ce, amma 273 ta wadatar a aikin yau da kullum. Ƙanƙara tana narkewa a 273 K, jikin mutum mai lafiya 310 K ne, ruwa yana tafasa a 373 K. Wanda yake son zuwa Kelbin daga Farenhait, sai ya fara biyawa ta Selsiyus.

A gida, inda aka fi ganin wannan harafi shi ne a kwalin ƙwan lantarki da fitilu masu aiki da hasken rana. Akan rubuta 2700 K ko 6500 K. Wannan ba zafin ƙwan ba ne, launin haskensa ake nufi. Ƙarfe in maƙeri ya sa shi a wuta yakan fara yin ja, in zafi ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi fari. Da irin wannan aka kwatanta. Ƙwai mai 2700 K haskensa ruwan ɗorawa ne, mai 6500 K kuwa fari ne fat kamar hasken tsakar rana.

Jadawalin da ya kamata a kwafa

0 °C = 32 °F, ruwa yana daskarewa
2 °C = 35.6 °F
8 °C = 46.4 °F
15 °C = 59 °F, asubahin hunturu
25 °C = 77 °F
30 °C = 86 °F
35 °C = 95 °F
36.5 °C = 97.7 °F
37 °C = 98.6 °F, jikin mutum mai lafiya
37.5 °C = 99.5 °F
38 °C = 100.4 °F
39 °C = 102.2 °F
40 °C = 104 °F
45 °C = 113 °F
100 °C = 212 °F, ruwa yana tafasa

Wuri ɗaya tak ma'aunan biyu suke haɗuwa a lamba guda, shi ne digiri 40 ƙasa da sifiri. Ana rubuta shi da ɗan layi a gaba, kamar haka: -40. Irin wannan sanyi sai ƙasashe kamar Rasha da Kanada.

Inda wannan sani yake da amfani

Awon jiki. In an auna a hammata aka sami 37.5 °C ko fiye, wato 99.5 °F, ana ɗaukarsa zazzaɓi. A ƙasarmu da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, musamman da damina da kaka, yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti a gwada jininsa kafin kwana ɗaya ya cika. Jaririn da bai kai wata biyu ba, a kai shi nan take, kada a jira gari ya waye. Sanyin jiki ma haɗari ne ga jariri: zafin da ya dace da shi daga 36.5 zuwa 37.5 °C ne. Idan kuma yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, to a garzaya da shi asibiti, ko me na'ura ta nuna.

Firjin alluran rigakafi. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin 2 da 8 °C, wato tsakanin 36 da 46 °F. A nan ruɗani yana iya jawo hasara babba. Lambar 40 a Farenhait sanyi ne mai kyau, bai kai 5 °C ba. Lambar 40 a Selsiyus kuwa zafin bazara ne. Haka nan wanda ya ga 30 °F ya ɗauka firjin ya ɗumama, ya ƙara masa sanyi, ya yi ɓarna, domin 30 °F ya riga ya gangara ƙasa da wurin daskarewa. Wasu allurai, kamar ta rigakafin tetanus, daskarewa tana lalata su. Allurar insulin ta masu ciwon sukari ma ba a barinta ta daskare.

Ajiyar magani. Magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu a ajiye su ƙasa da 25 °C ko 30 °C, wato 77 °F ko 86 °F. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a yankin Damagaram yakan kai 40 °C, ya wuce, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A nemi wuri mafi sanyi a gida, nesa da murhu da hasken rana.

Kiwon kaji. Littattafan kiwo da yawa da Farenhait suke ba da lissafi. Injin ƙyanƙyasar ƙwan kaza yana bukatar kimanin 99.5 °F, wato 37.5 °C. Ƴan tsaki a makonsu na farko suna son ɗumi na 90 zuwa 95 °F, wato 32 zuwa 35 °C. Jikin kaza ya fi na mutum zafi, yakan kai 41 °C, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Labarin yanayi. A watan Afrilu na 2024 an auna zafin 48.5 °C a garin Kayes na ƙasar Mali. Jaridar Amurka za ta rubuta shi 119 °F. Zafin ɗaya ne. In wayarka ta nuna 100 a Dungu da rana tsaka, dubi harafin: 100 °F bai kai 38 °C ba.

Ƙari ko ragi: ba a sa 32

Akwai bambanci tsakanin tambayar "zafin nawa ne?" da tambayar "da nawa zafin ya ƙaru?" In ƙari ko ragi ake magana, taku kawai ake ƙirgawa, ba ruwan mutum da mafari, don haka ba a ƙara 32, ba a cire ta. Ƙarin digiri 1 na Selsiyus daidai yake da ƙarin digiri 1.8 na Farenhait.

Misali, da asuba zafi 25 °C, da azahar ya kai 40 °C. Ƙarin digiri 15 ke nan. A Farenhait daga 77 ne zuwa 104, ƙarin digiri 27. Haka nan, a yarjejeniyar birnin Faris ta 2015 ƙasashen duniya sun amince su yi ƙoƙari kada ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5 na Selsiyus. A Farenhait wannan ƙarin digiri 2.7 ne.

Shawarwari

1. Kafin ka karanta lamba, dubi harafin da ke gefenta.
2. In harafin bai fito sosai ba, yi amfani da hankali. Jikin mutum mai rai in ya nuna tsakanin 35 da 42, Selsiyus ne. In ya nuna tsakanin 95 da 107, Farenhait ne.
3. Yawancin na'urori masu batir ana iya mayar da su kan C. A wasu akan danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, wasu kuma suna da maɓalli na dabam. Roƙi mai sayarwa ko malamin lafiya ya saita maka tun ranar da ka saya.
4. In za ka gaya wa malamin lafiya abin da ka auna, faɗi lambar da harafinta, da lokacin da ka auna, da inda ka sa na'urar.
5. Tsohuwar na'ura ta gilas mai zaiba a ciki, in ta fashe, kada a taɓa zaibar da hannu, kada a bar yara su yi wasa da ita, domin guba ce.
6. Kwafi jadawalin nan a takarda, ka ajiye shi tare da na'urar.

Aikin gwaji

1. Juya 35 °C zuwa Farenhait.
2. Juya 113 °F zuwa Selsiyus.
3. Firjin allurai ya nuna 41 °F. Sanyin ya yi daidai?
4. Na'ura ta nuna 101.3 °F a jikin yarinya. Nawa ne a Selsiyus? Me ya kamata a yi?
5. Juya 27 °C zuwa Kelbin.
6. Zafi ya ƙaru da digiri 10 na Selsiyus. Ƙarin digiri nawa ne a Farenhait?

Amsoshi

1. 95 °F.
2. 45 °C.
3. I, ya yi daidai, domin 5 °C ne.
4. 38.5 °C. Zazzaɓi ne, a kai ta asibiti.
5. 300 K.
6. Digiri 18.

Wanda ya kuskure wata tambaya, ya koma kan misalan da ke sama, ya sake bin matakan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ci duka kuma, ya koya wa mutanen gidansa, musamman mai kwana da yara.